Baifas zai bi ta bayan gari: ina makomar masu ci da bakin titi?

Admin: Assalamu alaikum jama'ar gida. Kamar yadda da yawanku suka gani da idonsu, safiyo sun dawo a makon nan sun kafa turaku masu jan fenti, tun daga wajen tsohuwar rijiya ta yamma suka zagaya ta bayan maƙabarta suka tsallake rafi suka ɓullo gabas da gidan mai na ƙarshe. Kenan maganar da ake ta ji a bakin mutane ta tabbata, sabon tagwayen titin bazai ratsa cikin gari ba, baifas za'a yi mana. Mai girma Hakimi yace a tattaro ra'ayin jama'a kafin zaman fada, shi yasa na buɗe maganar anan. Dan Allah banda zagi, banda siyasar jam'iyya.

Mai Shayin Kwana: Wa alaikumus salam. Admin ni dai gsky tunda naga turakun nan hankalina bai kwanta ba. Teburina da dare yake ci, kuma ba ƴan gari ne ke riƙe dani ba, ɗan gari shayi ɗaya ne da rabin biredi sai hira, direban tirela ne zai zauna yace a soya masa indomi da ƙwai a haɗa shayi mai kauri, ya saya wa yaron mota, yace a cika masa fulas na hanya. In motocin nan suka koma bayan gari wa zan sayarwa? Kuma bani kaɗai bane, ku duba daga kwana zuwa tasha, masu faci, masu tsire, masu wankin mota, masu POS, masu cajin waya, makanikai, yara masu ruwan leda. Kwaltar nan ce ke ciyar da gidaje da yawa a garin nan.

Hajiyar Abinci: Wallahi ka faɗi abinda ke raina ƙanena. Ni mata nawa ne a ƙarƙashin rumfata, mai wanke-wanke daban, mai tuƙa tuwo daban, mai kai wa direbobi kwano har bakin mota daban, kuma yawancinsu zawarawa ne masu marayu a gabansu. Ba'a taɓa kiranmu an tambaye mu ba sai dai muka wayi gari muka ga jan fenti.

Maman Khalifa: Hajiya kiyi haƙuri, ni kam Alhamdulillah nace. Ku da kuke maganar ciniki ku tuna firamare tana tsallaken titi, kullum da safe sai na riƙo hannun yara na tsallakar dasu sannan in koma in ɗora girki, tanka ta taho daga gangaren nan ko birki bata iya takawa da kyau. Ranar kasuwa kuwa tireloli su jeru hagu da dama ba ka ganin abinda ke tahowa sai ka shiga tsakiya. Mun manta Majiya ne? Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, sama da mutum 150 suka rasu a dare ɗaya, ba'a daɗe ba a Janairun 2025 aka sake ganin irinsa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Tankokin da ke kwana a ƙofar gidajenmu ba ruwa suka ɗauko ba. Ni dai a fitar dasu daga cikin gari.

Hajiyar Abinci: Allah ya jiƙansu ya kyauta namu zuwan. Ba wanda yake son haɗari ƴar uwa, ai nima jikokina a makarantar suke. Amma yunwa ma tana kisa, a hankali ne dai.

Ɗan Legas: Jama'a maganar nan bata buƙatar dogon surutu. A rubuta takardar koke kowa yasa hannu, a kai wa ɗan majalisarmu na tarayya da sanata su kai wa ministan ayyuka, a dawo da titi cikin gari kawai a sa gadar tsallaka a gaban makaranta. Ni zan ɗauki kuɗin buga takardar da na motar masu kaiwa. Wasu garuruwan ai tsayawa suka yi aka bi ta cikinsu.

Injiniya: Yaya na Legas, Allah ya saka da niyya, amma bari in faɗi abinda da yawa basu lura dashi ba kafin a sa hannu a komai. Titin tarayya yana da hurumi, mita 45.72 ne daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, wato faɗin gaba ɗaya ya haura mita 90. Yanzu kowa ya tsaya a tsakiyar kwaltar nan a ransa ya auna taku kamar hamsin da wani abu zuwa dama, ya auna zuwa hagu. Me ya shiga ciki? Duk layin shagunan tasha, rumfar Hajiya, teburin Mai Shayi, katangar firamare da ajujuwan gaba, harabar masallacin Juma'a, kantin magani, da layin farko na gidajen unguwar Makera. Idan aka ce a faɗaɗa titin a cikin gari to waɗanda muke cewa zamu ceta sune katafila zata fara kwashewa. Kuma abu mafi ciwo, wanda aka samu ya yi gini ko ya kafa kwantena a cikin hurumin tsohon titi sau da yawa ce masa ake dama ba wurinsa bane, ba lallai ya ga ko sisi ba.

Na biyu, tagwayen titi ba irin wannan bane da mota zata ga mai rake ta ja gefe. Akwai shingen kankare a tsakiya, wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya tunda aka sabunta ta ya ga yadda garuruwan kan hanya suka rabu biyu, tsohuwa da kaya aka tana neman inda zata haura, mai mashin sai yayi tafiya mai nisa kafin ya samu wurin juyawa ko kuma ya biyo hannun da ba nasa ba. Gadar tsallaka kuma kun san halinmu, mai kura da mai shanu da mai keke bazasu hau ba.

Mai Shayin Kwana: Innalillahi. Injiniya kana nufin ko ta ciki aka bi tashi zan yi?

Injiniya: Kai ne ma na farko Malam, teburinka ko taku goma bai kai ba daga kwalta. Shi yasa nake ganin kada mu ƙarar da ƙarfinmu wajen faɗa da layin titi. Abinda zai yanke makomar garin nan wuri biyu ne kacal, mahaɗar yamma inda baifas zai rabu da tsohon titi, da mahaɗar gabas inda zasu sake haɗuwa. Duk cinikin da ke tsakiyar gari yau can zai koma, ko mun shirya ko bamu shirya ba. Tambayar itace filin wurin a hannun wa zai kasance ranar da aka buɗe hanya.

Malam Mai Ritaya: Injiniya Allah yayi maka albarka, ka taɓo inda nake so. Ƴaƴana, wannan ba sabon abu bane a ƙasar nan. Zungeru ita ce hedikwatar Arewa daga 1902, da Turawa suka kwashe ofisoshinsu suka koma Kaduna a 1917 sai garin ya koma ƙaramin gari a gefen kogi. Jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930, garuruwan suka cika da kantunan gyaɗa da fatu da baƙi daga ko'ina saboda nan ne ƙarshen dogo, da jirgi ya daina zuwa kaya suka koma kan tirela kowa ya san yadda unguwannin tasha suka yi sanyi. To amma ku dubi ɗaya gefen. Rigasa a Kaduna, tunda aka buɗe tashar jirgin Abuja a 2016 ku tambayi kuɗin fili a wajen. Baifas ɗin Kano ta Hotoro lokacin da aka yi ta bayan gari ce ta gaske, gonaki ne hagu da dama, yau gari ya haɗiye ta. Titin Nnamdi Azikiwe na Kaduna har yanzu baifas ake ce masa alhali yana tsakiyar jama'a. Gari yana bin hanya ne. Abinda na gani da idona a wuraren nan shine masu gonakin asali ba su suka ci moriyar ba, sun sayar da arha tun kafin su gane abinda ke zuwa.

Direban Daf: Baba Malam gaskiya ne. Bari in faɗa muku ta ɓangarenmu tunda mu ake magana akai. Direban babbar mota ba don son gari yake tsayawa ba. Abinda yake nema fili ne mai faɗi da zai shiga ya fita ba tare da ya yi ta ribas ba, ƙasa mai tauri da bazata riƙe taya da damina ba, mai gadi da zai hana a zuƙe masa gas ko a kwance batir, ruwan wanka, banɗaki, masallaci, abinci mai zafi, sai mai faci da makanike a kusa. Me yasa Tafa da Mararrabar Jos suke cika da manyan motoci? Saboda direba ya san in ya isa zai samu duk wannan kuma zai tarar da ƴan uwansa. Mu a waya muke gaya wa juna inda za'a kwana. In kuka yi mana gareji mai kyau a mahaɗar gabas wlh zamu tsaya, ni da bakina zan yi ta shela a ƙungiya. In babu kuwa, titi sabo ne santsi ne, garin gaba zamu wuce, kuma in direbobi suka saba da wani wuri dawo dasu sai an sha wuya.

Ɗan Tasha: Ƙananan motoci kuma lissafinsu daban. Sharon da Hummer basa tsayawa sai fasinja sun ce a tsaya, fasinja kuma sai wurin da ya yi suna da wani abu. Kwanar Gafan tumatir, Kura shinkafa, Wudil ranar Juma'a kara, Maigatari ranar Alhamis. Mu namu rake ne da rogo da tsiren yamma, kowa a hanyar nan ya san tsirenmu. In aka jera su a wuri ɗaya da ake hangowa daga sabon titi da wurin fakin za'a tsaya.

Baban Ummi: Duk naji bayananku amma ba wanda ya yi maganar mu da turakun suka faɗa cikin gonakinmu. Tawa gonar gado ce, layin ya raba ta gida biyu, gefen da rijiya take yana kudu, fadamar da nake albasa da rani ta koma arewa. In aka ɗaga titi aka sa shinge ta ina zan bi da amalanke? Kuma burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya a rafi shima an tsallake shi da turaku, jiya Ardo ya same ni a gona yana tambaya ko na san wani abu, yace ba wanda ya je rugarsu. In aka toshe burtalin nan shanu ta cikin gonaki zasu bi, kun san abinda ke biyo baya, muna zaune lafiya da mutanen nan tun kakanni.

Injiniya: Kawu wannan yana cikin abinda ake iya samu in an nema da wuri. Babban kwalbati mai faɗi da tsayi wanda shanu da amalanke zasu wuce ta ƙarƙashi, ana yinsa, amma sai an sa shi a zane kafin a fara cike ƙasa. In an riga an zuba kwalta ba mai fasa maka ita. Haka maganar ruwa, baifas ɗin zai zama kamar bango tsakanin tudu da rafi, in kwalbatocin suka yi kaɗan ruwan damina unguwar Gangare zai koma. Tsofaffin unguwar su suka san inda ruwa ke bi in anyi mamako, a zagaya dasu a nuna wa masu zane.

Barista: Salam. Kawu da sauran masu gonaki ku saurara da kyau dan Allah. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma tana bashi ikon karɓar fili don amfanin jama'a, titi na ciki. Diyyar da doka ta tanada ba kuɗin ƙasar kanta bane, ta abinda ke kanta ce, gini, rijiya, amfanin gona, itatuwa masu amfani. Shi yasa ranar ƙirga ta fi kowace rana muhimmanci. Mangwaro, ɗorawa, tsamiya, kuka, giginya, dabino, darbejiya, ko wanne a ƙirga shi a gabanka a rubuta, ka ɗauki hoto da wayarka kana tsaye a gindinsa, ka nemi kwafin takardar da aka cike. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala a takardar wakilci da wani zai kawo yace zai karɓo muku diyya sai an karanta masa da Hausa an faɗa masa kaso nawa za'a cire. Gonar gado da ba'a raba ba a zauna a gida a daidaita tun yanzu, da sunan mata a ciki, don in kuɗi ya fito da sunan babban wa shi kaɗai nan ake ɓata zumunci har a kai ga kotu. Wanda yake noma gonar aro ko jingina shima a rubuta cewa shukar tasa ce.

Sannan akwai dokar duba tasirin aiki ga muhalli ta 1992, babban titi irin wannan sai an yi rahoto, kuma ana ajiye rahoton a bainar jama'a kwanakin aiki 21, galibi har da sakatariyar ƙaramar hukuma, don mai ƙorafi ya rubuta. Yawanci kwanakin suna wucewa ba wanda ya leƙa. A sa mutum ɗaya ya riƙa bibiya, nan ne maganar burtali da kwalbati zata shiga a rubuce.

Baban Ummi: Barista to bana in shuka ko kar in shuka? Wani yace min tunda an kafa turaku an hana taɓa wurin.

Barista: Ka shuka Kawu. Turaku ba sanarwa bace. Sai an baka sanarwa a rubuce an ƙirga. Kwangilar tagwayen titin Kano zuwa Maiduguri tun 2006 aka bayar da ita kashi biyar, ka duba shekarun da aka ɗauka ana yi, baifas ɗin gabas ta Kaduna ma tun zamanin Obasanjo ake maganarta. In ka bar gona saboda jan fenti zaka iya shekaru kana sayen hatsi a kasuwa.

Ɗan Legas: To in haka ne ma me ake gaggawa? Ƙila sai jikokinmu zasu ga titin.

Malama Ta Islamiyya: Yaya gaggawar itace masu kuɗi basa jiran kwalta. Ku tambaya a gari, gonaki nawa aka sayar a wajen gidan mai na gabas daga sallah zuwa yanzu? Maƙwabciyata mijinta ya rasu ya bar mata gona a wurin, an zo mata da kuɗi a leda ana cewa gwamnati zata ƙwace kyauta gara ta karɓa, ta sayar, yanzu an gano turaku ko taɓa gonar basu yi ba, tana daidai bakin inda mahaɗar zata zauna. Kuka take yi wlh. Kuma masu kawo masu sayen ƴan garin nan ne, wasu suna cikin gidan nan suna karantawa.

Dillali: Malama tunda kin jefo magana bari in amsa, don kowa ya san sana'ata. Ni ban taɓa ce wa kowa gwamnati zata ƙwace gonarsa ba, wanda ya faɗi haka shi da Allah. Mai gona ne ke zuwa yace zai aurar da ƴa ko zai biya asibiti ko zai sayi mashin, in kawo mai saye a yi ciniki a gaban shaidu da mai unguwa, in karɓi la'adata. Haram ne? Kuma kuɗin da ake bayarwa yanzu ya ninka na bara. In ƴan gari suna da kuɗi su fito su saya mana, ni na fi son in sayar wa ɗan gida.

Malama Ta Islamiyya: Ban ce kai bane Alhaji. Amma mai saye ya san abinda ke zuwa, mai sayarwa bata sani ba, kai kuma da ke tsakiya ka sani. Ko kalma ɗaya ce ai sai a faɗa mata.

Admin: A tsaya anan dan Allah kar a koma kan mutum. Maganar baiwar Allah nan za'a kai ta gaban Hakimi daban.

Injiniya: Abinda nake ba da shawara a kai fada shine, a roƙi Hakimi ya umarci dagatai da masu unguwanni su dakatar da sa hannu a cinikin gona a kewayen mahaɗun nan biyu na ɗan lokaci, a kira ma'aikatar filaye da tsara birane ta jiha su zo su yi awo na gaskiya. A fitar da garejin manyan motoci, tasha, layin masu abinci, layin makanikai, masallaci da banɗaki, a bar hanyar gefe ta shiga da fita don kar kasuwa ta hau kan sabon titi mu koma gidan jiya. In aka bari awon igiya ya riga mu, kowa ya yanka gonarsa yadda ya ga dama, lungu ko kura bazata shiga ba, gidajen mai su tare gaba gaba ɗaya, to shikenan an gama. Kasuwa da tasha da banɗakin jama'a a tsarin mulkin 1999 aikin ƙaramar hukuma ne, kuma tun hukuncin kotun ƙoli na Yulin 2024 ake cewa kuɗinsu ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, to Ciyaman ya zo zaman da kansa ya faɗa mana me zai iya.

Baban Ummi: Injiniya anan kam bamu daidaita ba. Titi ya ci rabin gonata a biya ni kuɗin bishiya, ragowar da ta yi daraja kuma ku ce kar in sayar, a yi wa Mai Shayi da Hajiya kasuwa a kai? Ni da me zan tashi? Kowa yana maganar gari gari amma gonar mutum ɗaya ake yanka. Ina da ƴaƴa mata uku a gabana.

Hajiyar Abinci: Gaskiyarka ne Malam, ba mai son a zalunce ka don a rufa mana asiri.

Barista: Kawu ba kyauta ake nufi ba, kuma in kyauta ce nima bazan goyi baya ba. Akwai yadda ake yi, masu gonakin wurin su haɗa filinsu a yi awo ɗaya, a cire hanyoyi da gareji da kasuwa, sauran fulotai a mayar wa kowa gwargwadon abinda ya bayar, da takarda, har da rumfuna a cikin kasuwar da sunansa yana karɓar haya. Fuloti mai takarda a bakin tasha ya fi kadada a hannun ɗan baranda nesa ba kusa ba. Amma sai an rubuta kason a gaban Hakimi da Ciyaman da jami'in filaye kafin a kafa ko bulo ɗaya, ba alƙawarin baki ba. Kuma dakatarwar a sa mata wa'adi, in hukuma bata zo ta yi awo ba a cikinsa kowa ya sayar da abinsa.

Baban Ummi: In da wa'adi kuma da takarda zan saurara. Amma wanda matsala ta taso masa cikin wa'adin fa, mara lafiya a gida? Shima jira zai yi?

Ɗan Legas: Wannan mu na waje mu ɗauka. Kuɗin da nace na takardar koke a juya shi, mu ƴan Legas da Abuja da Fatakwal mu buɗe asusu, wanda ya matsu a bashi rance ya jinginar da kasonsa maimakon ya sayar wa baƙo. Zan yi magana da mutanenmu na Agege da Mile 12 a daren nan.

Hajiyar Abinci: To saura mu. Ni tsorona ba ginin kasuwa bane, rabonta. Mun gani a wurare, ana gama rumfuna sai ka ji sunayen matan manya da ƙannen kansila da ma'aikatan sakatariya, wanda bai taɓa sayar da ko ƙosai ba ya samu uku ya dawo yana bamu haya. Tun yanzu a bi layin nan da littafi, daga kwana zuwa tasha, a rubuta duk mai sana'a da abinda yake sayarwa da hotonsa a wurin sana'arsa, a ajiye kwafi a fada a ajiye wajen Liman. Kuma a tuna mahaɗar gabas da nisa daga cikin gari, ni zan iya ɗaukar ɗan sahu da tukwanena, amma matan da ke cikin gida suna dafa awara da dambu suna ba yara su kai bakin titi fa? Yarinya ƴar shekara goma bazata yi wannan tafiyar da tire a kai ba.

Malama Ta Islamiyya: Kuma bai kamata ma ta yi ba Hajiya. Ni wannan ce damar da nake gani a raba yaran nan mata da tallan dare a tsakanin tireloli, duk mun san abinda ke faruwa bama faɗa ne. A ware rumfa ɗaya babba ta matan gida, manyan mata biyu ko uku su zauna su sayar da kayan kowa a rubuce, da yamma a kawo wa kowa kuɗinta a cire ɗan ladan zama. Kuma garejin a sa masa fitilun sola da ƴan sintiri da dokar Hakimi tun ranar farko.

Maman Khalifa: Wannan kam ina ciki, ni zan fara kai zoɓo da kunun aya.

Direban Daf: Ƙarin abu ɗaya da zaku sa a takarda, tsohon titin cikin gari. Da zarar an buɗe baifas ba wanda zai sake kallonsa, kuma manyan motocin aikin ne zasu gama farfasa shi da yashi da tsakuwa kafin su tafi. A nemi a sake masa kwalta da magudanan ruwa kafin kamfani ya kwashe kayansa, da allo babba a mahaɗun biyu mai sunan gari da ranar kasuwa.

Malam Mai Ritaya: Da ramukan da zasu haƙa su ɗebi jar ƙasa. Duk inda aka yi titi ana barin su, damina ta cika su, yara su je wanka. Ko a cike, ko a zaɓi guda a gyara bakinsa ya zama mashayar dabbobi tunda dama Ardo na kukan ruwa da rani. Kuma a gaya musu tun yanzu bayan maƙabarta ba wurin ɗiban ƙasa bane, nan zamu faɗaɗa ta.

Mai Shayin Kwana: Ni dai har yanzu gabana faɗuwa yake, tsakanin ranar da motoci zasu bar cikin gari da ranar da garejin zai fara aiki, in aka samu ko wata shida a tsakani jarina ya tafi. Injiniya a sa a takarda garejin ya riga titin buɗewa, ko fili ne kawai aka share aka zuba tsakuwa aka haƙa burtsatse, rumfa mu zamu kafa abinmu.

Injiniya: Za'a sa Malam, kuma shi ya kamata ya zama na farko a takardar.

Admin: To Alhamdulillah. Barista da Injiniya su haɗa takardar, Baba Malam ya duba Hausarta don a karanta a fada kowa ya ji. Ɗan Tasha da Hajiya ku fara rubuta sunayen masu sana'a gobe. Kawu dan Allah ka biya ruga ka taho da Ardo, ka kuma sanar da sauran masu gonakin da basa cikin gidan nan, don bana son a yanke komai akan gonar mutum baya wurin. Zaman ranar Asabar ne da hantsi a ƙofar fada.

Hajiyar Abinci: Admin da hantsi tukunya na kan wuta, ba macen da zata samu zuwa, kuma masu shayi lokacin suke bacci. A mayar bayan la'asar.

Admin: Zan gaya wa Hakimi yanzu, in ya amince zan sanar anan kafin isha'i.